Yadda ake haɗa ƙaramin manjaniƙi da katako da galan ɗin fenti

Wanda ya taɓa gadin tsuntsaye a gonar dawa lokacin kaka ya san majaujawa: igiya biyu da 'yar fata a tsakiya, ka sa hoge, ka juya ta sama da kanka, ka saki igiya ɗaya. Wanda kuma ya shiga lambu a fadama ya ga jigo, doguwar sandar nan mai curin laka a gindi da guga a kai. To idan ka ɗauko jigo, ka ƙara masa nauyi sosai a gindi, ka cire gugan ka ɗaura majaujawa a gurbinsa, ka samu manjaniƙi. Nauyi ya faɗo, sanda ta juya, majaujawa ta yi wurgi.

Masu karatun sira sun san sunan, don an yi amfani da shi a yaƙin Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan hijira. Na wancan zamanin mutane ne ke jan igiyoyi a gindin sandar, kuma Sinawa ne suka fara irinsa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mai aiki da nauyi, wanda za mu haɗa, sai a ƙarni na 12 ya bayyana a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum.

Na haɗa shi sau da yawa tare da ɗalibai da yaran gida, kuma girman da zan kwatanta shi ne wanda na fi gamsuwa da shi. Ƙafafunsa ba su kai ƙugun babban mutum ba, yana shiga a-daidaita-sahu, kuma idan an saita shi yana kai jifa mita 20, wani lokaci fiye. Yini ɗaya ya isa haɗawa. Saitin ne ke cin lokaci, kuma a nan daɗin aikin yake.

Kayan da za ka tanada

- Katakon da kafintoci ke kira tu-bai-tu, guda 2, masu tsawon ƙafa 12. Ka zaɓi busasshe, miƙaƙƙe. Ɗanye yana murɗewa bayan kwana kaɗan.
- Katako marar nauyi na yin hannu, wato sandar da ke juyawa: tsawo santimita 103, faɗi 5, kauri 2. Ka duba kada ya kasance da ƙulli ko tsaga.
- Siririn falanki ko filawud, tsawo santimita 90, faɗi 12.
- Ƙarfe mai santsi, kaurin milimita 12, tsawon santimita 40, shi ne ƙarfen juyi da hannun zai juya a kansa. Masu walda suna da guntayensa.
- Galan ɗin fenti na ƙarfe mai cin lita 4, da murfinsa da mariƙinsa.
- Yashi busasshe da tsakuwa.
- Siririyar igiyar nailan wadda ba ta miƙewa, kamar mita 6.
- Guntun fata mai laushi ko ƙyallen tsohon wandon jins.
- Zoben makulli guda 2.
- Ƙusoshi masu inci 3 da masu inci 2, da gam ɗin katako, da 'yar waya mai ƙarfi.
- Guntun fayif ɗin roba na wayar lantarki.
- Tsohuwar safa.

Kayan aiki kuwa: zarto, guduma, filaya, tef ɗin awo, fensir, samfefa, da injin huda katako. Idan ba ka da injin, ka yi alamominka a gida ka kai wa kafinta ya huda maka. Hudar hannu da ƙarfe mai zafi tana yi, amma da wuya ramin ya fito a miƙe, kuma karkataccen rami shi ne ciwon da ba ya jin magani a wannan aiki.

1. Yanka katako

Daga tu-bai-tu ɗin ka fitar da: dogaye 2 masu santimita 100, su ne gindi, gajeru 3 masu 25, su ne masu haɗa gindin, ƙafafu 2 masu 65, matokarai 4 masu 50, kowanne an sare bakinsa biyu a karkace, rabin kusurwar bango, wato digiri 45. Ka goge kowane baki da samfefa.

2. Gindi da hanyar ƙwallo

Ka shimfiɗa dogayen nan biyu a ƙasa mai lebur, ka sa gajerun a tsakaninsu, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya, ya zama kamar tsani a kwance. Ka sa gam sannan ka buga ƙusa mai inci 3. Kafin gam ya bushe ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangaren biyu. Idan awon ya zo daidai, gindinka ya miƙe.

Yanzu ka zaɓi ƙarshe ɗaya ka rubuta masa "gaba", ɗayan "baya". Kada ka raina wannan rubutu, za ka buƙace shi. Sai ka ɗora falankin nan a tsakiya bisa gajerun katakan, ya fara daga baya ya nufi gaba, ka kafe shi. A kansa ƙwallo zai ja jiki kafin ya tashi, don haka ka goge shi ya yi sumul, kan ƙusa kuma ya nutse. Wanda ke da fayif mai faɗi zai iya tsaga shi biyu ya yi amfani da rabi, ya ma fi falanki don ƙwallo ba ya kaucewa.

3. Ƙafafu da ƙarfen juyi

Ka haɗa ƙafafun nan biyu gefe da gefe, ka ɗaure su tam, ka auna santimita 59 daga ƙasa, ka huda su lokaci ɗaya da rami mai milimita 12. Hudawa tare ita ce ke tabbatar da cewa ramukan suna kallon juna.

Ka tsayar da kowace ƙafa a kan dogon katakonta, santimita 60 daga baya, 40 daga gaba. Kafin ka buga matokarai, ka zura ƙarfen ta ramukan biyu ka bar shi a ciki. Sannan ka tokare kowace ƙafa da matokari ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a kafe komai sannan a zo zura ƙarfe, a tarar ɗaya ƙafar ta leƙa gaba da rabin yatsa. Ka girgiza abin da hannunka. Idan yana rawa, ƙarfin da ya kamata ya tafi jifa zai ƙare a rawar, kuma jifa biyu ba za su taɓa sauka wuri ɗaya ba.

Idan rodin gini kawai ka samu, mai gurza-gurzan nan, ka zura masa guntun fayif a daidai inda hannu zai zauna, ka faɗaɗa ramin hannun ya karɓi fayif ɗin. In ba haka ba zai ci katakon.

4. Hannu

Ka auna santimita 3 daga ƙarshe ɗaya ka huda ƙaramin rami, nan galan zai rataya. Daga wannan rami ka auna 20 ka huda babban rami mai milimita 13, na ƙarfen juyi. Abin da ya rage zuwa ɗaya ƙarshen santimita 80 ne. Ramukan biyu ta fuskar mai faɗi za su shiga su ɓulla ta ɗaya fuskar.

To ga dalilin 20 da 80. Duk tafiyar da gajeren ɓangare ya yi, kan dogon ɓangare yana yin ninkinta huɗu a cikin lokaci guda. Idan galan na saukowa da gudun mita 2 a daƙiƙa, kan hannu yana tafiya da 8. Kana sayar da nauyi ne ka sayi gudu. Wasu sukan ce to me zai hana a yi ninki takwas? Na gwada: hannun ya yi wa galan nauyi, ya tashi a hankali kamar ba ya so. Tsakanin ninki uku da rabi zuwa biyar ne abin ke tafiya, huɗu kuma ya fi sauƙin lissafi.

Ka fere dogon ɓangaren ya riƙa sirancewa, daga faɗin santimita 5 kusa da babban rami zuwa 2 a kai. Wannan ba ado ba ne. Duk giram ɗin katakon da ke can kai, sai galan ya kashe ƙarfi ya gudanar da shi kamar yadda zai gudanar da ƙwallo, kuma wannan ƙarfin ba ya zuwa ko'ina. Hannu mai nauyi a kai shi ne babban ɓarawon nisa. Kusa da babban ramin kuwa ƙari ake yi: ka manna guntun katako mai santimita 12 a kowane gefe, ka ci gaba da hudar ta cikinsu. Yana hana karyewa, yana kuma hana hannun lilo hagu da dama.

Wanda bai samu katakon kirki ba zai iya amfani da gora mai kauri, don ba ta da nauyi kuma tana da ƙarfi. Sai dai ka naɗe waya sama da ƙasan kowane rami kafin ka huda, in ba haka ba za ta tsage.

Sai ƙusar kai. Ka ɗauki ƙusa mai inci 2, ka huda ɗan siririn rami a tsakiyar kan hannun don kada ya tsage, ka buga ta a miƙe kamar ci gaban sandar, ka bar santimita 3 a waje. Ka yanke kanta da filaya, ka goge wurin har sai ka shafa da yatsa ba ka ji wani kaushi ba. Duk abin da muka gina ya zuwa yanzu aikin ƙarfi ne. Wannan 'yar ƙusa ita ce mai yanke shawarar lokacin da ƙwallo zai rabu da igiya.

Ka zare ƙarfen juyi, ka sa hannun a tsakiya, ka yanka fayif guda biyu ka zura hagu da dama su riƙe shi a tsakiyar. Ka bar ɗan sarari ya juya ba takura. Ka shafa ɗan man inji ko kyandir. Bakin ƙarfen da ya fito waje ka naɗe shi da waya ko robar tif don kada ya zame.

5. Nauyi

Ka cire ɓangare ɗaya na mariƙin galan daga kunnensa, ka zura shi ta ƙaramin ramin hannu, ka mayar da shi, ka matse da filaya. Kunnuwan galan ba a yi su don fizga ba, saboda haka ka zagaya waya ta ƙarƙashinsa ka ɗaure ta a mariƙin ta gefe biyu. Ka zuba yashi har ya kai kilo 5. Ka auna a sikelin mai shago, kada ka yi kintace. Ka rufe murfi ka buga shi ya zauna.

Ka juya hannun a hankali da hannunka ka duba abu biyu: galan bai taɓa ƙafafu ko ƙarfen juyi ba, kuma idan ya sauko ƙasa sosai akwai kamar yatsu uku tsakaninsa da falanki. Idan yana gogar falanki, ka ɗan lotsa mariƙin ya gajarce.

Rataya galan ake yi, ba a kafe shi a jikin hannu. Nauyin da aka kafe dole ya bi da'ira, ya ɓata wani ƙarfin yana jan abin gaba da baya. Wanda ke lilo yana faɗowa kusan a miƙe, kuma faɗuwa a miƙe ita ce ke ba da ƙarfi mafi yawa. Magina na da sun gano haka, shi ya sa manyan nasu akwati ne na katako cike da duwatsu da ƙasa yana lilo. Wani masani, Mardi bin Ali al-Ɗarsusi, ya bayyana wa Salahuddin al-Ayyubi manjaniƙi mai nauyi a wajen 1187. Bayan kusan shekara 85, da Mangolawa suka daɗe suna kewaye da birnin Shiyangyang na ƙasar Sin ba su ci shi ba, sarkinsu Kublai Khan ya sa aka kawo masa Musulmi biyu gwanayen aikin daga yamma, Isma'il da Ala'uddin. Birnin ya miƙa wuya a 1273, Sinawa kuma suka riƙa kiran na'urar da sunan manjaniƙin Musulmi.

Ƙa'idar nauyi ita ce galan ya ninka ƙwallo kamar sau 100. Kilo 5 ke nan ga giram 50. Don haka ka zuba yashi giram 50 a 'yar leda, ka ƙulle, ka tura cikin safa, ka ɗaure, ka yanke saura, ka mulmula ya zama kamar ƙwai. Na fi son wannan a kan ƙwallon tanis, duk da shi ma nauyinsa kamar giram 58 ne, saboda na yashi inda ya faɗi nan yake tsayawa, ka auna gaskiyar nisanka. Ka yi guda uku masu nauyi ɗaya.

6. Majaujawa

Ka yanka fata mai tsawon santimita 16 da faɗin 9, ka rage kusurwoyinta ta yi siffar ganye. Ka ɗan tattare gefunan biyu da ɗinki ta yi zurfi kamar tafin hannu. Zurfin ya isa ya riƙe ƙwallo, amma kada ya zama aljihu. Ka huda bakin nan biyu ka ɗaura igiya a kowanne.

Igiya ta farko ta dindindin ce. Ka ɗaure ta a jikin hannu, santimita 3 ƙasa da kai, ta ƙaramin rami ko 'yar ƙusa lanƙwasasshiya a fuskar da ke kallon ƙasa idan an kwantar da hannun baya. Igiya ta biyu ka ɗaura mata zoben makulli, shi za a riƙa zurawa a ƙusar kai. Daga kan hannu zuwa tsakiyar fata ya zama santimita 70 a farko, ka bar rarar igiya don gyara. Idan ka zura zoben ka ja fatar, igiyoyin biyu su miƙe tare, ƙwallo ya zauna a tsakiya. Idan ɗaya ta fi tsawo ƙwallo zai zube a hanya.

Abin da majaujawa ke yi shi ne zama hannu na biyu a kan na farko. Hannun katako yana juyawa, ita kuma tana juyawa a kansa da sauri fiye da shi, gudu kan gudu. A ƙarshe, lokacin da hannun ya kusa tsayawa a miƙe, yana rage gudu, ƙarfinsa ya zube cikin igiya kamar yadda bulala ke tara ƙarfi a bakinta. Ka cire majaujawa ka sa kofi a kan hannun ka gani, nisan zai ragu ƙwarai.

7. Kunama

Kada ka riƙe hannun da yatsunka ka saki. Ka ɗaure guntuwar igiya a dogon katakon hagu, kusa da baya, ka sa mata zobe na biyu. A katakon dama, daidai wurin, ka buga ƙusoshi biyu da ka lanƙwasa kamar harafin U, kusa da juna. Idan ka danne hannun ƙasa, sai igiyar ta haye ta kansa, zoben ya shiga tsakanin ƙusoshin biyu, ka zura doguwar ƙusa ta ratsa duka ukun. Ka ɗaura wa doguwar ƙusar igiya mai mita 3. Ka ja ta daga gefe, hannu ya kuɓuta.

8. Kafin jifan farko

Ka nemi fili mai aƙalla mita 50 ta gaba da 20 ta baya, babu mutum, babu dabba, babu tagar kowa. Filin ƙwallo da safe ya fi. Ta baya na da haɗari kamar ta gaba, domin manjaniƙin da ba a saita ba yana iya wurgi sama ko baya. Kowa ya tsaya a gefe. Kada kowa ya leƙa kansa bisa hannun bayan an ɗana, kada yatsa ya shiga ƙarƙashin galan. Ba a sa dutse ko ƙarfe. Ba a sakinsa ba ƙwallo a ciki, don ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai jikin katakon. Yara kuma sai da babba a wurin, shi ne zai ɗana, su su ja igiya.

Ɗanawa haka take: ka ja dogon hannu baya har kansa ya kusa taɓa falanki, galan ya tashi sama ta gaba, ka sa kunama. Ka zura zobe a ƙusar kai, ka sa ƙwallo a fata, ka miƙar da majaujawa a kan falanki ta nufi gaba, ƙarƙashin galan, igiyoyi a miƙe ba su harɗe ba. Ka ɗora bulo a kan gindin ta baya don kada ya yi tsalle. Sai ka koma gefe ka ja.

9. Saiti

Kada jifan farko ya karya maka gwiwa. Ka lura da inda ya nufa kawai, domin shi zai gaya maka abin da za ka gyara.

Idan ƙwallo ya tashi sama sosai ko ya koma baya, zobe ya zame da wuri. Ka lanƙwasa ƙusar kai kaɗan zuwa gaba, wato ɓangaren da hannu ke fuskanta idan yana tsaye. Idan hannun na kwance a ɗane, sama ke nan za ka lanƙwasa ta. Idan kuwa ya daki ƙasa a gabanka ko ya tafi ƙasa-ƙasa, ya makara, sai ka miƙar da ƙusar kaɗan. Kaɗan nake nufi, kaurin ƙwayar shinkafa. Tsawon igiya ma yana aiki iri ɗaya: gajeriya tana saki da wuri, doguwa tana jinkiri. Idan ƙusa ta kai inda lanƙwasa ba ta ƙara komai, ka koma kan igiya, santimita 3 a kowane gyara, igiyoyin biyu tare.

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, a yi jifa uku, a rubuta. Wanda ya taɓa ƙusa da igiya da nauyi gaba ɗaya ba zai san wanne ya taimaka ba.

Akwai ranar da muka yi jifa takwas, bakwai suna tashi sama su faɗo kusa da mu, ɗaya ya tafi daidai, alhali ba mu taɓa komai ba. Wata ɗaliba ta ɗauki bidiyo da waya, irin wanda ke rage gudun hoto, ta tsaya tana kallo tana maimaitawa, sai ta ce, "Malam, zoben ba ya kai wa gindin ƙusa in an ɗana, a tsakiya yake tsayawa." Muka duba, ashe akwai ɗan gurbin da filaya ta bari a jikin ƙusar, zoben yana maƙalewa a nan. Muka goge da samfefa, jifa biyar na gaba suka sauka a wuri ɗaya da bai fi faɗin tabarma ba. Tun daga ranar ba na zuwa saiti ba tare da waya a jingine a gefe ba. Ido ba ya iya kama abin da ke faruwa cikin rabin daƙiƙa.

Abin da kake nema shi ne ƙwallo ya bar fata yana hawa a digiri 45, rabi tsakanin ƙasa da sama. A nan ne jifa ke kai iyakar nisansa. Digiri 30 da 60 wuri ɗaya suke sauka a lissafi, ɗaya ya bi ƙasa, ɗaya ya bi sama. Saboda iska tana rage gudu, kuma ƙwallo yana tashi ne daga sama da ƙasa, a aikace ɗan ƙasa da 45 ya fi kai wa nesa. Akwai alamar da kunne ke ji: na'urar da ta saitu ba ta da hayaniya. Hannu ya zo ya tsaya kusan a miƙe, ya ɗan yi lilo ya huta. Wadda ke kaɗawa gaba da baya tana buga galan, ƙarfinta bai shiga ƙwallo ba.

10. Auna ƙoƙarin na'urarka

Galan ɗinmu yana saukowa kamar santimita 34 daga inda aka ɗana shi zuwa ƙasa. Ƙarfin da ke ajiye a cikinsa shi ne nauyi sau jan ƙasa sau tsawon faɗuwa: 5 sau 9.8 sau 0.34, kusan jul 17 (jul shi ne ma'aunin wannan ƙarfi). Da dukkansa zai shiga ƙwallo mai giram 50, da ya tashi da gudun kusan mita 26 a daƙiƙa, sama da kilomita 90 a awa, ya sauka a mita 68. Hanyar gajeriya ita ce: ka raba nauyin galan da na ƙwallo, ka ninka da tsawon faɗuwa, ka ninka da 2. Wato 100 sau 0.34 sau 2.

Ba za ka kai 68 ba, babu mai kai wa. Wani ƙarfin ya tafi wajen juya hannu, wani ya rage a galan da ke lilo, wani gogayya ta ci, wani iska. Amma lambar ta zama ma'auni. Idan ka jefa mita 20, ka ci kusan kashi 30 cikin 100. Ka fere hannu, ka shafa mai, ka gyara igiya, ka ga ya koma 27, ka san ka kai kashi 40. Na ga yaran da ba sa son lissafi a aji suna rige-rigen yin wannan rabawa a ƙasa da tsinke.

Daga nan gwaji ba ya ƙarewa. Ka maye gurbin rabin yashin da guntayen ƙarfe da tsofaffin notuna, galan ya kai kilo 8, ka ga ko nisan ya ƙaru daidai da nauyin. Za ka tarar sai ka sake saitin ƙusa, don duk canjin nauyi, na galan ko na ƙwallo, yana canja lokacin saki. Ka duba ƙarfen juyi ma, idan ya fara lanƙwasa ka tsaya nan. Ka cire bulon, ka sa wa gindin tayoyi huɗu na tsohon keken yara a kan siminti, ka kalli yadda na'urar ke matsawa gaba da baya da kanta lokacin jifa. Ka kafa bokiti a mita 15 a yi gasar jefawa ciki, wadda ta fi gasar nisa koyar da saiti.

Wanda ba shi da galan ko ƙarfen juyi mai kauri zai iya cire nauyin ya ɗaura robar tif daga gajeren ɓangaren hannu zuwa gindi, a ƙarƙashinsa, irin robar danƙon harbin tsuntsu. Zai yi jifa, kuma ya fi sauƙi. Sai dai roba tana gajiya, rana tana sassauta ta, jifan safe daban na yamma daban. Kilo 5 na yashi kuwa kilo 5 ne kullum, shi ya sa mai nauyi ke maimaita jifa a wuri ɗaya.

Idan an tashi, ka sauke hannun a hankali da hannu biyu, ka cire galan, ka zare ƙusar kunama ka tafi da ita. Ka rufe ƙusar kai da guntun fayif don kada ta lanƙwashe a hanya ko ta soki wani. Ka ajiye katakon a inuwa inda ruwa ba ya taɓa shi, ka rubuta tsawon igiyar da ya yi maka kyau a jikin gindin da fensir.